ILMIN TSUFA A JAMI'A: WA ZAI SHIGA, KUMA DA WACE TAKARDA?

Duk wanda ya hau mota da sassafe daga Sabon Garin Zariya, ya bi ta Kwangila ya miƙe hanyar Sakkwato zuwa Samaru, zai wuce jama'a iri biyu waɗanda da wuya a gan su wuri ɗaya suna zance. A farkon tafiyarsa zai ga dattawa zaune a kan benci a bakin shaguna da ƙofofin gidaje, waɗansu tsofaffin ma'aikatan reluwe ne, waɗansu tsofaffin sojoji, waɗansu kuwa 'yan kasuwa ne da ƙarfi ya ƙare suka bar wa 'ya'ya rumfa. A ƙarshen tafiyar kuma zai ga samari da 'yan mata rungume da takardu suna tururuwa ta babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Tsakanin waɗannan da waɗancan tafiyar ba ta da nisa, kuma dukansu a cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari suke.

A cikin jami'ar nan ana karanta dabbobi da tsirrai da ƙasa da taurari, ana karanta yara tun daga ciki har zuwa balaga. To, shi dattijon nan da ke kan benci fa, wa ke karanta shi? Wa ya san abin da yake ci, da wanda yake kai shi asibiti, da abin da ke hana shi barci? Akwai fannin ilmi da aka keɓe musamman don amsa irin waɗannan tambayoyi, kuma ana yin digiri na biyu da na uku a cikinsa. Ƙofar shigarsa ba ta kai tsananin da ake zato ba, sai dai tana da sharuɗɗa, kuma wanda bai san su da wuri ba yakan yi asarar shekara guda ko biyu a bakin ƙofa.

MENE NE ILMIN TSUFA?

Masana suna kiran wannan fanni jerontoloji, watau ilmin tsufa. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Rasha mai suna Metchnikoff, wanda ya yi aiki a Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris, shi ya fara amfani da sunan a shekarar 1903. Bayan shekara 6, a 1909, wani likita a birnin New York mai suna Nascher ya fito da wani suna na dabam, watau jeriyatirik, don likitancin tsofaffi. Ya kamata mai neman karatu ya bambance waɗannan biyu tun da fari, domin ƙofofinsu ba ɗaya ba ne.

Likitancin tsofaffi aikin likita ne, kuma sai wanda ya gama karatun likita yake shigarsa. Ilmin tsufa kuwa ya fi haka faɗi. Yana duban yadda jiki ke canzawa da shekaru, da yadda tunani ke canzawa, da matsayin tsoho a gida da unguwa, da abin da zai ci bayan ya daina aiki, da dokokin da ke kare shi, har ma da yadda za a gina ɗaki da bayan gida yadda ba zai faɗi ya karye ba. Saboda haka mai digirin nazarin zaman jama'a yana iya shiga, haka nan mai digirin jinya, ko tattalin arziki, ko shari'a, ko ilmin abinci, ko zanen gine-gine.

A Ingila, wata likita mai suna Marjory Warren ita ce ta buɗe wa hukuma ido. A 1935 aka danƙa mata ɗaruruwan tsofaffi da aka ajiye a gadajen wani gidan gajiyayyu da ke yammacin birnin Landan, an ɗauka ba su da sauran magani sai jiran rana. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, sai ta tarar da yawansu suna da cutar da za a iya magancewa, waɗansu ma suka tashi suka koma gidajensu. A Amurka kuma, Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe makarantar ilmin tsufa zalla a 1975, sa'an nan ta soma ba da digiri na uku a fannin a 1989.

DON ME SAI YANZU?

Mai karatu na iya cewa ai Nijeriya ƙasar yara ce da matasa, ina ruwanta da wannan karatu? Gaskiya ne tsofaffi ba su da yawa in an gwada su da sauran jama'a. A ƙidayar 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140, waɗanda suka kai shekara 60 ko suka haura ba su wuce wajen mutum 5 cikin 100 ba. Amma kashi 5 cikin 100 na jama'a mai yawan ta Nijeriya miliyoyin mutane ne, kuma kullum ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama a duniya sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, sa'an nan biliyan 2.1 a 2050, kuma a lokacin nan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali za su kasance.

Daɗin daɗawa, gidan da aka saba jingina tsoho a cikinsa ya canza. A da, gandu ne ke riƙe da iyali. Uba da 'ya'yansa maza da matansu suna gida ɗaya, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, saboda haka tsohuwa ba ta rasa jikar da za ta ɗebo mata ruwan alwala. Yanzu kuwa ɗa yana Abuja, 'ya tana aure a Kano, wani yana Ikko yana fafutukar kansa, abin da ke zuwa gida sai kuɗi ta waya in an samu. Kuɗi kuwa ba ya juya mai shanyewar ɓarin jiki a kan gado, ba ya kuma tuna wa mai hawan jini cewa lokacin shan magani ya yi.

Sabon Gari ya fi ko'ina nuna wannan hali, domin tun asalinsa garin baƙi ne. Ya tashi ne da zuwan layin dogo, wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, inda ma'aikatan reluwe da akawuna da fatake daga kudu da sauran sassan Arewa suka yi zango suka zauna. Da yawa daga cikin dattawan Sabon Gari na yau a nan aka haife su, ko kuma a nan suka ƙare ƙuruciyarsu, ba su da gona a ƙauyen kakanninsu, ba su kuma da dangi da yawa a kusa. Samaru ma haka take ta wani gefen, gama ta girma ne da tashar binciken aikin gona, sa'an nan da jami'ar da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962. Masinjoji da direbobi da masu dafa abinci da suka yi wa jami'ar aiki shekara 35 suna nan a unguwannin da ke kewaye da ita, sun tsufa a inda suka yi aiki.

Game da abin masarufi kuwa, Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka sake wa fasali a 2014, ta tanadi cewa ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10. Wannan ya shafi mai albashi ne. Manomi da mai tireda da mai ƙosai da ɗan dako, waɗanda su ne suka fi yawa, yawancinsu sukan tsufa ba su da kowane irin fansho.

ABIN DA BINCIKE YA GANO A ZARIYA

Don a ga amfanin wannan karatu, ya isa a dubi abin da Hausawa ke kira gigin tsufa. Tsohuwa ta soma mance sunayen jikokinta, ta ajiye kuɗi ta mance ta ce an sace, ta fita da dare ta kasa gane hanyar gida. A gidaje da yawa sai a ce ai tsufa ne, babu abin yi. A waɗansu wuraren ma akan kai ga jifanta da maita. A wurin masana kuwa wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai suna da alamomi, kuma akwai hanyoyin da iyali za su bi su sauƙaƙa wa mai ita, su kuma sauƙaƙa wa kansu.

A shekarar 2011 aka buga sakamakon wani bincike da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi a Zariya, inda suka duba tsofaffi 322 da ke zaune a gidajensu cikin jama'a. Sun tarar kusan mutum 3 cikin 100 suna da wannan cuta, kuma kashi biyu cikin uku na masu ita irin wadda ake kira Alzheimer ce. Kafin wannan, tun daga 1992, masana na Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na birnin Indianapolis a Amurka sun gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka, suka ga cutar ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba a Ibadan, amma ta haura kashi 8 a can. Abin lura a nan shi ne, da an kwaso lissafin Amurka an ɗora wa Nijeriya, da an yi kuskure babba. Kowace ƙasa sai ta auna tsofaffinta da kanta, kuma sai da 'ya'yan ƙasa masu horo ake wannan awo.

INDA ƘASA TA KWANA

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro na farko a kan tsufa a birnin Biyana a 1982, ta kira na biyu a Madrid a 2002, a tsakani kuma, a 1990, ta keɓe ranar 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi ta duniya. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a Addis Ababa cikin Janairun 2016.

A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe Cibiyar Cif Tony Anenih ta kula da tsofaffi a Nuwamban 2012, ita ce ta farko a ƙasar da aka gina musamman don wannan aiki. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, tare da Gidauniyar Dave Omokaro, ta tsara ma'aunin darussan da jami'a za ta bi in tana son ba da digiri na gaba a ilmin tsufa. Cikin Janairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, a 2021 aka naɗa Dakta Emem Omokaro ta zama shugabarta ta farko, a wannan shekarar kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa a kan Tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta tanadi asusu don masu rauni, har da tsofaffi a ciki.

Ke nan dokoki sun samu. Amma doka ba ta shiga soro ta gai da tsoho, sai an sami mutanen da za su ɗauke ta su kai. A nan ne fa maganar karatu ta taso.

SHARUƊƊAN SHIGA A JAMI'O'IN NIJERIYA

Ɗalibin da ke Zariya yana da hanya biyu a gabansa. Ko dai ya nemi jami'ar da ta tallata kwas mai sunan ilmin tsufa kai tsaye, ko kuma ya shiga digiri na biyu a sashen da ya dace da digirinsa na farko, ya rubuta kundin bincikensa a kan tsofaffi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan da wannan hanya ta biyu ke bi ta cikinsu: nazarin zaman jama'a da tattalin arziki da zanen gine-gine a Samaru, shari'a da mulki a Kongo, lafiyar al'umma da jinya da likitancin ƙwaƙwalwa a ɓangaren kiwon lafiya, ga kuma Asibitin Koyarwa a Shika. Kowace hanya aka bi, sharuɗɗan Makarantar Karatun Gaba da Digiri kusan iri ɗaya ne a jami'o'in ƙasar, domin daga ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i suke fitowa.

Na farko, takardar sakandare. Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, galibi har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Mutane da yawa sukan yi mamakin a ce mai digiri a hannu ana tambayarsa takardar sakandare, amma haka abin yake, kuma an sha mai da mutum baya saboda rashin kiredit ɗin Lissafi. Wanda ya san yana da wannan giɓi gara ya sake zama jarrabawar tun kafin a fara sayar da fom.

Na biyu, digirin farko daga jami'ar da hukuma ta amince da ita. Don shiga digiri na biyu kai tsaye, mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne daraja ta biyu mataki na ƙasa. Mai daraja ta uku, da mai Babbar Difiloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, sai sun fara yin difilomar gaba da digiri, wadda kan ɗauki zangon karatu biyu, su kuma ci ta da kyau. Duk da haka akwai sassan da ba su karɓar mai Babbar Difiloma a digiri na biyu na bincike, sai dai a na ƙwarewar aiki, saboda haka ya kamata mutum ya tambaya a sashen da kansa kafin ya biya kuɗin fom. Wanda ya yi digirinsa a waje, a Nijar ne ko Sudan ko Masar, sai ya kai takardarsa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya an tantance ta.

Na uku, takardar yi wa ƙasa hidima. Tun da aka kafa wannan shiri a 1973, ya zama tilas mai digiri ya nuna takardar sallama, ko takardar yafewa in ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, ko kuma wasiƙar keɓewa in karatun wucin gadi ya yi.

Na huɗu, cikakken bayanin sakamakon jarrabawa na dukan shekarun digirin farko. Wannan takarda ba ɗalibi ne ke riƙo ta a hannu ba, jami'ar da ya gama ita ke aika ta kai tsaye zuwa wadda yake nema. Ita ce ta fi kowace takarda jinkiri, don haka mai hankali yakan nemi a aika ta watanni kafin lokaci.

Na biyar, wasiƙun shaida daga mutum biyu ko uku, waɗanda ya fi kyau su zama malaman da suka koyar da mai nema suka san ƙoƙarinsa. Bayan wannan, sassa da dama sukan yi jarrabawar tantancewa ko ganawa baki da baki. Cika fom kuwa yanzu ta intanet ake yi, a lokacin da jami'a ta ba da sanarwa kowace shekara.

Mai neman digiri na uku, watau digirin digirgir, sai ya zo da digiri na biyu wanda aka rubuta kundi a cikinsa, da matsakaicin makin da galibi bai gaza 3.5 cikin 5 ba, da kuma taƙaitaccen bayanin binciken da yake son yi. Digiri na biyu kan ci zango uku zuwa huɗu ga mai karatu cikakken lokaci, na uku kuwa aƙalla shekara 3. Sai dai akwai abu ɗaya da ba a rubuta shi a sanarwa ba, amma shi ne ke yanke hukunci: sashe ba ya ɗaukar ɗalibin da ba shi da malamin da zai duba aikinsa. Wanda ke son yin bincike a kan tsofaffi ya kamata ya je sashen tun da wuri, ya nemi malamin da ya taɓa rubutu a kan iyali ko fansho ko cututtukan manya, ya gabatar da kansa da abin da yake son yi.

HANYAR LIKITA DA TA MAI JINYA

Likita hanyarsa dabam ce. Bayan shekara 6 na karatun likita, da shekara guda ta koyon aiki a asibiti, da hidimar ƙasa, sai ya ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Daga nan ya shiga horon ƙwarewa a asibitin koyarwa irin na Shika, a fannin cututtukan cikin jiki, ko likitancin iyali, ko na ƙwaƙwalwa, sa'an nan ya karkata ga tsofaffi. Abin da ya sa ake bukatar wannan ƙwarewa shi ne, tsoho da wuya ya zo asibiti da cuta ɗaya. Ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga ciwon gwiwa, ga yanar ido, kowane likita ya rubuta nasa maganin, har magungunan su taru su zama wata cutar. Sai an sami wanda zai dubi mutumin gaba ɗayansa.

Mai jinya kuwa, in yana son digiri na biyu, sai ya zo da digirin farko na jinya da rajistar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, tare da sauran takardun da aka lissafa a baya.

GA MAI SON ƘETARE TEKU

A Ingila, Kwalejin King's da ke Landan ta kafa Cibiyar Ilmin Tsufa tun 1986, Jami'ar Southampton kuma ta yi suna wajen koyar da fannin daga nesa ta intanet, yadda mutum zai yi karatu yana zaune a Samaru bai bar aikinsa ba. Jami'o'in Ingila galibi suna neman daraja ta biyu mataki na sama, da shaidar iya Turanci irin ta jarrabawar IELTS, da takardar da mai nema zai bayyana dalilinsa na son karatun. Na Amurka kuwa galibi suna neman matsakaicin maki 3 cikin 4, da wasiƙun shaida, da jarrabawar Turanci ta TOEFL ko makamanciyarta. A tsibirin Malta akwai Cibiyar Nazarin Tsufa ta Duniya, wadda aka buɗe a 1988 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya don horar da mutanen ƙasashe masu tasowa.

Babbar matsala a nan kuɗi ce. Akwai sukolashif na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, wanda yake da reshe na masu karatu daga nesa, akwai kuma na Chevening, wanda yake bukatar mutum ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki. A da, malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati sukan nemi tallafin asusun TETFund na karatu a waje ta hannun makarantunsu. A dukan waɗannan, wanda ya taɓa aiki da tsofaffi, ko da na sa kai ne a asibiti ko ƙungiyar unguwa ko ta 'yan fansho, ya fi wanda ya zo da takarda kaɗai abin faɗa.

SHARAƊIN DA BA YA CIKIN FOM

In an cika dukan waɗannan, da sauran rina a kaba, gama binciken tsofaffi a ƙasar Hausa yana da wuyar da takarda ba ta koyarwa. Tun tambayar farko, watau shekara nawa, ita ce ke fara ba da wahala, domin yawancin dattawan yau an haife su ne ba a rubuta ba. Mai bincike da ya san ƙasa sai ya bi ta tarihi. Ya tambayi dattijo ko ya yi wayo a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya rasu a 1959, ko ya tuna zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko ya riga ya yi aure lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ko 'ya'yansa nawa sa'ad da naira ta maye gurbin fam a 1973. Da haka ake kusantar shekarun mutum.

Haka kuma tambayoyin gwajin ƙwaƙwalwa da aka tsara a Turai sukan ce mutum ya faɗi kwanan watan Bature, ko ya rubuta jimla, ko ya zana fuskar agogo. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, wadda take lissafin kwanakinta da watan azumi da na salla da ranar kasuwa, za ta faɗi wannan gwaji alhali hankalinta garau yake. Gyara irin waɗannan tambayoyi su dace da mai jin Hausa aiki ne da ya isa kundin digiri.

Sai kuma maganar shiga gida. Namiji baƙo iyakarsa zaure, tsofaffin mata kuwa, waɗanda yawancinsu mazansu sun rasu, suna can ciki. Saboda haka fannin nan yana bukatar mata ƙwarai da gaske. Akwai misali a ƙasar Zazzau ɗin nan. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba a Giwa, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954 da sunan Baba ta Karo. Har yau jami'o'in duniya suna karanta littafin don sanin zaman matan Hausawa kafin zuwan Turawa da bayansa. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne mai tambayar mace ce, tana jin harshen, ta kuma yi haƙurin zama ta saurara.

Ɗan Zariya ko 'yar Zariya da aka rena da durƙusa wa babba, wanda ya san ba a kiran dattijo da sunansa sai a ce Baba ko Malam ko Alhaji, ba a kiran tsohuwa sai da Inna ko Iya ko Hajiya, wanda ya san sai an gama gaisuwa da tambayar iyali kafin a fito da takarda, ya riga ya mallaki abin da baƙo zai shekara yana koyo. Wanda ya tashi a Sabon Gari ma yakan ƙara da jin Yarabanci ko Ibo ko Turancin kasuwa, waɗanda da su zai yi zance da dattawan can.

BAYAN AN GAMA FA?

Iyaye sukan tambaya, kuma suna da gaskiya, wane aiki mai wannan digiri zai samu? Akwai koyarwa da bincike a jami'a, akwai sashen jin daɗin jama'a na asibitoci, akwai ma'aikatun jihohi masu kula da walwalar jama'a, da hukumomin fansho da na inshorar lafiya, da Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, da ƙungiyoyin agaji. Akwai kuma horar da masu jinyar tsofaffi a gida, aikin da iyalai masu 'ya'ya a nesa suka soma nema suna biya. Ba fanni ne na tara dukiya ba, amma masu shi kaɗan ne, wanda ya riga shiga kuwa shi zai horar da na baya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 don inganta lafiyar tsofaffi, kuma fiye da rabin wa'adin ya kusa shuɗewa ko ya shuɗe. Ya rage ga hukumomin jami'a su ƙarfafa wa malamai da ɗalibai gwiwar yin bincike a wannan fanni, ya rage ga Gwamnatin Jihar Kaduna da masu hali su ware guraben sukolashif dominsa. Shi kuwa matashin da ke da niyya, aikinsa na farko ƙarami ne: ya buɗe jakar takardunsa ya ƙirga kiredit ɗinsa, ya nemi a aika sakamakonsa tun yanzu, ya je sashen da yake so ya gai da malamai. Sa'an nan in ya fito, ya tsaya wurin dattijon nan na kan benci, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda ya kwana, domin Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.